Karnukan faɗi-ka-mutu na Kaka: abun da nake rubutawa tun Oktoba

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Toh yau dai na jajibo wa kaina aiki. Maƙwabciyarmu, tsohuwar Baturiyar nan da yaranmu ke ce wa Kaka, shekararta 84, za ta tashi ta koma kusa da 'yarta ƙarshen shekara, kuma wurin ciki ɗaya ne da falo don haka dole ta rage tarkace. Da hantsi ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce "agwagwa zo ka ɗauko min wasu kwalaye a sama". Nan garin Stoke na Ingila kowa agwagwa ake ce masa, mace da namiji, ranar da mai shago ta fara faɗa min haka sai da na waiwaya in ga da wa take.

Kwali biyu ne, a ciki karnukan tangaran guda tara an nannaɗe su da tsofaffin jaridu. Irin waɗanda Turawan da ke jerawa a kantar saman murhun ɗumama ɗaki, ɗaya hagu ɗaya dama suna kallon juna. Ta ce gadon gidansu ne, tana so in duba mata ko lafiyarsu ƙalau kuma nawa za su yi, don ita shekarun baya ta ga an yi wa irinsu kuɗi fam 1,000 a talabijin. Hankalinta duk yana kan wasu manya farare guda biyu masu ruwan zinari, sai shafa su take.

Ina shigowa da kwalin uwargida ta tare ƙofa. "Abban Iman wallahi ba dai a falona ba, ga kare ga mutum-mutumi, an haɗa biyu kenan." Gaskiyarta ne ban ja ba, na wuce da su ɗan sito na katako da ke bayan gida. Na kuma gaya wa Kaka ko kwabo ba zan karɓa ba, haƙƙin maƙwabtaka ne, matar da ta riƙe mana yara ranar da madam ke naƙuda.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na shimfiɗa tsohon tawul a kan benci, na sato sikelin kicin da tef ɗin awo na madam, na ba kowane kare lamba a takarda. Ga abun da ke akwai: manyan fararen nan biyu santimita 33, wasu biyu masu jajayen dabbare-dabbare santimita 25 munana da su hancin ɗaya duk ya goge, wasu biyu masu tabo kalar tagulla mai sheƙi, ƙanana biyu masu tambari a gindi, sai wani siririn karen farauta guda ɗaya tilo a kwance kan shuɗin dandamali da ɗan rami a gabansa.

Abu na farko da na lura, bayansu kusan ba fenti, ba a ɓata lokaci a kai ba tunda bango zai kalla. Na biyu kuma shi ya ɗaure min kai: babban fari giram 910, jan da ya fi shi ƙanƙanta sosai giram 870. Wato kusan nauyi ɗaya alhali babban ya ba shi santimita 8. Na sake aunawa har sau uku don na zata sikelin ne ya fara shirme.

Da na kifa su sai ga bambanci ƙarara. Fararen suna da rami a gindi wanda babban yatsana ke shiga, in ka haska tocila ciki sumul kaman cikin kofi. Jajayen gindinsu a rufe yake ruf, sai wata 'yar huda a baya da ƙyar tsinken ashana zai shiga. Na rubuta na ajiye, sanyi ya kore ni.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na kwashi yara muka je gidan tarihin tangaran da ke Hanley, shiga kyauta ne. Su jirgin yaƙin Spitfire da ke ciki ya ɗauke musu hankali, ni kuma na liƙe a gilasan karnuka da sauran 'yan gumakan kanta. Akwai wani wuri da aka jera butocin madara masu siffar saniya guda 667, na ɗauki hoto na tura wa wani abokina Bafulatani na ce ga garken da ba ya cin dusa.

Shekara huɗu ina garin nan sai yanzu na tsaya na fahimci inda nake zaune. Garuruwa shida ne, Tunstall, Burslem, Hanley, Stoke, Fenton da Longton, aka haɗe su a 1910, kuma duk yumɓu da gawayin kwal ne suka tara mutane a nan. Waɗannan dogayen gine-ginen bulo masu kama da kwalba da nake wucewa kullum a hanyar aiki tanderun gasa tangaran ne, dokar hana hayaƙi ta 1956 ce ta kashe su, yanzu 47 suka rage a tsaye.

Karnukan kuma yayinsu zamanin Sarauniya Biktoriya ne, 1837 zuwa 1901. Tana da wani ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa sunansa Dash da take ji da shi tun tana budurwa, ya mutu 1840, kuma irinsa ne ake kwaikwayo. Kayan talakawa ne fa, ba na fada ba, ma'aikacin da ya samu ɗan rara ya saya wa matarsa ta jera. Ya tuna min da jeren Hajiyarmu, langa da kwalla da tangaran a kabet wanda ba a taɓa cin abinci a ciki ba, amfaninsu kawai baƙo ya shigo ya san matar gidan ba a banza aka kawo ta ba.

Batun ramin nan ma na warware shi. Hanya biyu ake yi. Ta da, a murza yumɓu kaman waina a danna shi da hannu cikin mazubi gida biyu, gaba da baya, a haɗe a liƙe gindi, sai a huda 'yar ƙofa don iska ta fita kar ya fashe a wuta. Shi ya sa yake da kauri da nauyi. Ta baya-bayan nan kuma a dama yumɓun ya zama kaman kunu a zuba a mazubin filasta, filastan ya tsotse ruwan gefe, a tsiyaye sauran ta babban rami a gindi. Shi ya sa yake fitowa shafal. Tun a bas ina dawowa jikina ya fara ba ni fararen Kaka akwai magana.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ranar wanki, kuma ranar da na yi ɓarna.

Na fara da hankali, auduga da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ina gogawa kaɗan-kaɗan ina kauce wa zinarin. Baƙin da ke fita daga jajayen nan ba a magana, hayaƙin kwal da na sigari na shekara da shekaru, audugar sai ta koma kaman an goge gindin tukunya. A ƙarƙashi sai ga aikin hannu, gashin kunne an ja shi da burushi ɗaya-bayan-ɗaya siri-siri, gira, gashin baki ɗigo-ɗigo, kuma idon na hagu bai yi daidai da na dama ba, ɗaya kaman yana mamaki ɗaya kaman an masa laifi.

Da na zo kan masu kalar tagulla gajiya ta kama ni na ce bari in gaggauta, na kai ɗaya ƙarƙashin famfo na sakar masa ruwan zafi. Minti biyu ba a yi ba naji kan ya motsa a hannuna, kafin in ce me ya rabu da wuyan gaba ɗaya. Innalillahi. Allah ya taimake ni akwai tawul a cikin sink ɗin bai faɗi a ƙasa ba. Da na duba bakin karayar ba sabuwa ba ce, ta yi baƙi, ga busasshen gam ruwan ƙasa ya jiƙe yana yauƙi. Wato an taɓa karya shi tun tuni aka liƙe da gam irin na da, wanda ruwan zafi ke narkarwa, kuma sarƙar da aka zana a wuyan ta ɓoye layin.

Na je na gaya mata da kaina kafin magariba, kai a hannu ɗaya jiki a ɗaya. Ta yi dariya harda riƙe ciki, ta ce ƙaninta ne ya buge shi da ƙwallo suna yara, babansu ya liƙe da daddare don kar mamansu ta sani, kuma har ta mutu ba ta sani ba. Naji sanyi amma dukda haka ba zan ƙara kai ko ɗaya famfo ba, ruwa ma in ya shiga ta 'yar hudar nan sai ya yi kwanaki bai fita ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Tocilar da na yi oda ta iso, irin mai shuɗin hasken nan da ake duba jabun kuɗi. Bayan isha'i na kashe wutar sito na bi su ɗaya-ɗaya.

Jan na dama, kunnensa na waje ya fito da wani launi daban da sauran jikin, kaman an manna masa faci. Da rana ko kusa ban gani ba. Na kunna wuta na shafa da yatsa, wurin bai kai sauran sanyi ba kuma santsinsa kaman na roba, na ɗan ƙwanƙwasa da farce sauran jikin na cewa ƙal-ƙal shi kuma kunnen dum. An taɓa ɓantare shi wani gwani ya cike ya fente. Aikin ya yi kyau gaskiya, amma gyara gyara ne, zai rage kuɗi.

Sai fararen. Ba gyara ko ɗaya, lafiyarsu ƙalau, kuma lafiyar ce ta yi yawa. Jikinsu duk 'yan tsage-tsage ne sirara kaman gizo-gizo ya yi saƙa, wanda da farko na ɗauka alamar tsufa ce. Amma da na ajiye su kusa da jajayen sai na ga na jajayen ba tsari, wani wuri da yawa wani wuri babu, wani layin baƙi wani fari. Na fararen kuwa ko'ina girma ɗaya launi ɗaya ruwan shayi, daga kai har wutsiya har bayan da ba mai taɓawa. Datti ba ya raba kansa daidai haka. Ana yin tsagar da gangan a masana'anta sannan a shafa wani abu ya shiga ciki.

Zinarin ma ya tona su. Na jajayen, kwaɗon wuya da sarƙar saura kaɗan-kaɗan, launinsa a dushe mai taushi kaman tsohon ɗankunne, inda hannu ke kamawa in za a ɗaga ya goge tas. Irin zinarin da ake sawa kenan kafin wajen 1880, daga baya aka koma wani na ruwa mai arha mai walƙiya kaman madubi. Na fararen walƙiya yake kuma ko ƙwarzane babu. Na kifa su na duba inda ke taɓa kanta, an ɗan goge wurin amma duk layukan gefe ɗaya suka nufa, aikin sanfefa ne. Karen da ya shekara 100 ana ja ana turawa ana share ƙura ba haka gindinsa ke cinyewa ba.

Na zauna shiru a siton nan ina tunanin yanda zan faɗa mata.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An mayar da agogo baya yau, ƙarfe biyar duhu ya yi. Ƙananan biyu ba su ba ni wahala ba, tambarin Beswick ne da lamba 1378 a gindi, kamfanin Longton ne da aka kafa 1894, kamfanin Royal Doulton ya saye shi 1969, aka rufe masana'antar 2002. Na ƙarni na 20 ne kuma ba su ɓoye ba. Abun dariya a harkar nan shi ne tambari yawanci ba alheri ba ne, na zamanin Biktoriya mafi yawansu ba sa ɗauke da sunan kowa. Rubuta sunan ƙasa ma sai daga 1891 ya yawaita, da Amurka ta ce duk kayan da za a shigo mata da su sai an sa inda aka yi.

Masu tagullar kuma na jera su na auna da kyau, ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan santimita 1, wutsiyarsu ba iri ɗaya ba, sarƙar ɗaya ta sauko ƙirji ta ɗayan ta zagaya baya. Ba tare aka haife su ba. Dillalai aure suke ce wa irin wannan, ni dai na rubuta auren dole a takardata.

Na shafe awa biyu a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet. Darasi: kar ka kalli abun da mai kaya ya nema, ka latsa wurin waɗanda aka riga aka sayar. Wani ya sa fam ɗaruruwa kayansa na nan zaune wata da watanni, irinsu sak an sayar a kuɗin cefanen kwana biyu. Kaman Kantin Kwari ne, kuɗin da aka fara faɗa maka ba shi ne kuɗin ba.

Hajiya ta kira ana cikin haka, na juya mata kyamara. Ta ce "kai yanzu duk karatun naka karnuka ka koma wankewa?" Na ce Hajiya taimakon maƙwabciya ne. Ta ce toh Allah ya ba da lada amma ka wanke hannu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Wani gidan gwanjo da ke wajen gari suna duba kaya kyauta, na nannaɗe duka tara na kai. Layi ne na tsofaffi kowa da kwalinsa, ni kaɗai ne baƙi kuma ni kaɗai ne ƙasa da shekara 60.

Matar da ta duba ko fuskar karen ba ta kalla ba, tana ɗauka ta auna a tafin hannu ta kifa. Fararen ba su ci mata daƙiƙa goma ba, ta ce na ado ne, ba su wuce shekara 40 zuwa 50 ba, fam 15 zuwa 25 duka biyun in an samu mai so. Na tambaye ta ko irin na William Kent ne, don na karanta cewa masana'antarsa a Burslem ta ci gaba da amfani da tsofaffin mazubai har 1962 kuma nasa na ruɗa mutane. Ta ce ina, na Kent da nauyinsu kuma su ma yanzu sun fara tsufa, waɗannan ko kusa.

Jajayen ta daɗe a kansu. Ta sa tabarau ta bi gashin kunnen, ta gano gyaran ba tare da tocila ba, da haƙori ma ta ɗan taɓa wurin, na ce ikon Allah. Ta ce wajen 1860, tagwaye ne na gaskiya hannu ɗaya ya fente su, fam 60 zuwa 90, da ba gyara da an doshi ninki. Ta ce da ƙafar gaba a rabe take da jiki, ko da kwandon fure a baki, da magana ta canja, don waɗannan sun fi wuyar yi kuma sun fi wuyar samu. Masu tagulla da cirarren kai fam 10 zuwa 20, kuma kar in kai gyara don kuɗin gyaran ya fi kuɗin karen. Beswick 20 zuwa 30.

Siririn karen farautar da ban kula shi ba ashe mariƙin alƙalami ne, ramin gabansa nan ake soke gashin tsuntsun rubutu. Shuɗin dandamalin a ƙarƙashin ƙyallin yake shi ya sa bai goge ba. Ba tsaga ba gyara, fam 30 zuwa 50 shi kaɗai.

Na ce mata mai kayan fa fam 1,000 take jira. Ta girgiza kai ta ce kullum sai ta yi wannan bayanin, shekara 30 baya da kuɗi a harkar, Amurkawa na zuwa suna kwasa, yanzu masu tarawar sun tsufa suna fitarwa, yaransu kuma gidajensu ko murhu babu balle kanta. Sannan in an sayar za su cire la'adarsu daga hannun mai kaya, mai saye ma a ɗora masa nasa kason a sama, don haka ko wannan lissafin ba shi zai shigo aljihu ba. Na tara a waya a mota, ko an sayar da komai a saman ƙiyasi fam 215 ne kafin la'ada.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sati guda ina kewaye-kewaye. Yau madam ta soya ƙosai ta ce ɗauki ka kai mata ka faɗa mata gaskiya ka huta.

Na jera su a teburinta na fara da jajayen, na nuna mata 'yar hudar da gashin kunnen. Ta ce waɗannan ai na kakarta ne, tun tana yarinya take tsoronsu saboda idon. Mamanta ma fenti ta yi a wata masana'anta a Longton tun tana shekara 14, ta ce kullum hannunta warin tafentain, man tsinka fenti, yake. Sai na ɗauko farin na ce Kaka sa yatsanki a nan. Ta sa. Na mata bayanin kunu da filasta da sanfefa, ban ɓoye komai ba har kuɗin.

Ta yi shiru tana juya shi. Can ta ce ita fa yanzu ta tuna, waɗannan ba daga gidan kakarta suka fito ba, maigidanta ne ya shigo da su wata shekara bayan rasuwar mamanta, ya ce ya samo su a wurin wani dillali da tsada. Ta ce "ko dai an cuce shi ko ni ya cuta, kuma ya tafi da amsar." Ta ci ƙosai biyu ta ce yaji ya yi yawa, ta ƙara na uku.

Ga yanda muka tsaya. Fararen za ta tafi da su, ta ce kantar sabon gidan taga ce kuma su ne suka cika ido. Jajayen ta fasa sayarwa, na jikarta ne, in rubuta shekarar da batun kunnen a kati in sa a kwalin. Karen farauta da Beswick za su shiga gwanjon farkon Disamba, fom ɗin na wurina sai ta sa hannu ranar Litinin. Mai cirarren kai kuma ta ce in liƙe mata shi ko yaya ne, na ce sai na samo gam ɗin da ake iya warwarewa, ba sufa gulu ba. Yana nan a sito cikin kwalin takalmi, kan daban jiki daban, kuma sai na fara kankare tsohon gam ɗin babansu tukuna.